Saƙon murya a gaban alƙali: wa doka take kamawa idan magana ta bi hannu goma?

Akwai wani kawuna mai sayar da atamfa da shadda a babbar kasuwar Maraɗi, mutumin da bai taɓa zama ajin boko ba, amma da wuya rana ta fito ta faɗi bai aika saƙon murya talatin ba. Da murya yake tambayar farashi a Kano, da murya yake sanar da direba a Jibiya cewa kaya sun taso, da murya kuma yake gaisawa da ƴaƴansa mata da ke aure a Tasawa da Gidan Rumji. Wani lokaci wani abokin cinikinsa ya ɗauki kaya bashi, ranar alkawari ta zo ta wuce, aka shafe wata uku ana kai ruwa rana, har ran kawu ya ɓaci ya ɗauki waya ya yi magana ta kamar minti biyu a zauren WhatsApp na ƴan layinsu. Ya ambaci sunan mutumin da na mahaifinsa, ya faɗi yawan kuɗin, ya ce maci amana ne, kowa ya yi hattara da shi. Mutanen zauren ba su kai sittin ba, kuma duk sun san juna, don haka a ganin kawu bai yi abin da ya wuce irin maganar da ake yi a bakin rumfa bayan sallar la'asar ba. Kafin mako ya zagayo saƙon ya isa Kantin Kwari, inda mutumin yake sarin kaya, masu ba shi kaya suka janye hannu, shi kuma ya rantse sai an je gaban hukuma.

Da aka bi sawun maganar, sai aka tarar ba kawu ne ya fitar da ita daga zauren ba. Wani yaron shago ne ya tura wa yayansa da ke Katsina, ba da wata manufa ba illa ya ji abin da ke faruwa a gida, yayan ya tura wa abokinsa, daga nan kuma ba wanda ya iya ƙirga hannuwan da ta bi. Tun lokacin tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai, ita ce kuma nake so in warware a nan: idan magana ta yi ɓarna bayan ta bi hannu goma, wa doka take kamawa, kuma me ya sa abin da mutanenmu suke ɗauka hira ce, alƙali yake kallonsa tamkar abin da aka buga a jarida?

Dokar da ke hukunta laifuffukan intanet a Nijar ita ce doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga watan Yulin 2019. Mafi yawan sassanta sun shafi abubuwan da ba mai gardama a kansu, kamar kutse cikin na'urar wani, da damfara ta hanyar sadarwa, da hotunan batsa na ƙananan yara. Sassa uku ne suka shigo cikin rayuwar mutane irin kawu. Sashe na 29 yana magana a kan ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani, na 30 a kan zagi, na 31 kuwa a kan samar da bayanai, ko miƙa su ga wani, ko yaɗa su, matuƙar suna iya dagula zaman lafiyar jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam. A rubutun farko, hukuncin shi ne ɗaurin wata shida zuwa shekara uku da tarar sefa miliyan ɗaya zuwa miliyan biyar. A 2022, zamanin shugaba Bazoum Mohamed, an yi wa dokar gyara, aka cire ɗauri daga laifin ɓata suna da na zagi aka bar tara. A watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta maido da ɗaurin ta kuma ƙara masa nauyi: shekara ɗaya zuwa uku ga ɓata suna da zagi, shekara biyu zuwa biyar ga laifin da ke sashe na 31. Domin a gane nauyin tarar kaɗai, mafi ƙarancin albashin da hukuma ta ƙayyade a ƙasar tun 2024 jaka 42 ne a wata, wato tarar miliyan ɗaya, wadda ita ce ta ƙasa, ta kusa albashin shekara biyu na ƙaramin ma'aikaci.

Doka ta raba ɓata suna da zagi, mu kuwa a baki mukan haɗa su. Ɓata suna shi ne ka jingina wa mutum wani aiki takamaimai da zai zubar masa da daraja, kamar ka ce wane ya karɓi kayan jaka ɗari takwas ya ƙi biya, ko wance an gan ta a wuri kaza. Zagi shi ne kalmar wulaƙanci da ba ta ɗauke da wani zargin da za a iya bincikawa. Saƙon kawu ya haɗa duka biyun, kuma na farkon ne ya fi haɗari gare shi, saboda wani dalili da duk ɗan kasuwar Maraɗi zai gane. Cinikin garin nan a kan amana yake tafiya, ana ɗaukar kayan miliyoyi da musafaha da shaidar mutum ɗaya ko biyu, ba takarda ba sa hannu. Saboda haka ranar da aka zo neman hujja, bashin da ya tunzura kawu ba ya rubuce a ko'ina, zargin da ya yi kuwa yana naɗe da muryarsa a wayoyin da ba a san adadinsu ba, da rana da sa'a da minti. Mai gaskiya ya wayi gari shi ne ake da shaida a kansa, wanda ya riƙe kuɗin kuma shi ne mai ƙara.

Batun yaron shagon ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma shi ne mutane suka fi jahilta. Kowa yana tsammanin alhaki na wanda ya fara magana ne, mai turawa kuwa ɗan aike ne kawai. Tsarin shari'ar da Nijar ta gada daga Faransa bai yarda da haka ba. A dokar ƴan jarida ta Faransa ta 1881 ana ɗaukar maimaita zargi a bainar jama'a tamkar yin sa, ko da mai maimaitawar ya sakaya shi cikin shakka. Mu a Hausa muna da wata ƙaramar kalma da muke fakewa a bayanta, wato "wai". Mutum zai ce wai an ce wane ya yi kaza, sai ya ji ya wanke kansa, tun da ba shi ya faɗa ba. A gaban alƙali wannan kalma ba ta da ƙarfin da muke ba ta. Sashe na 31 ma ya fito fili, domin bai tsaya ga wanda ya samar da bayanin ba, ya ambaci wanda ya miƙa shi ga wani da wanda ya yaɗa shi, kuma danna alamar turawa a waya shi ne ainihin wannan aikin.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu idan aka duba da kyau. Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan giba da annamimanci, suna kafa hujja da ayoyin Suratul Hujurati da suka yi umarni a binciki labari kafin a yi aiki da shi, suka kuma hana bin diddigin asirin mutane da cin naman ɗan'uwa. Annamimi ba shi ne ya ƙirƙiri magana ba, ɗaukarta ya yi daga nan ya kai can, amma ba wanda ya taɓa cewa ba shi da laifi. Abin da ya sauya shi ne wahalar ɗaukar maganar. A da, kafin yaron shagon nan ya kai wannan labari Katsina, sai ya hau mota ya bi ta Ɗan Isa, ya zauna gaban yayansa, ya buɗe baki ya ambaci sunan babban mutum da mummunar kalma, kuma a kowane mataki kunya da tsoro suna da damar tsayar da shi. Yanzu ɗan yatsa ne kawai yake motsawa, bakinsa bai furta komai ba, shi ya sa zuciyarsa ba ta gaya masa ya yi wani abu ba. Masu ƙera manhaja sun kashe basira mai yawa wajen sauƙaƙa turawa, kuma cikin abin da sauƙin ya kwashe har da wannan ɗan jinkiri da yake ba mutum damar tunani.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Duk da haka maganar baka tana da iyakar da ake iya rayuwa da ita. Waɗanda suka ji ta ƙidayayyu ne, sun ga fuskar mai yin ta, sun san abin da ya fusata shi, kuma idan suka maimaita ta sukan rage mata zafi, har kwana ya ja ta dusashe. Muryar da aka naɗa ba ta hucewa. Duk lokacin da aka kunna ta, kawu yana cikin fushin wannan yammaci ɗaya, da numfashinsa da rawar muryarsa, ko da shi kansa ya daɗe da mantawa. Mai sauraro a Kano bai san wata ukun da aka yi ana rarrashi ba, bai san mutanen biyu sun yi shekara ashirin suna ciniki ba, abin da ya iso masa minti biyu ne tsirara. A nan nake ganin doka ta fi mu fahimtar abin da waya take yi, domin ita ta ɗauki naɗaɗɗiyar murya a matsayin abin da aka wallafa, mu kuwa har yanzu muna mu'amala da ita kamar iskar baki.

Sai dai fahimtar da doka ta yi ba ta sa ta zama mai adalci a kowane gefe ba. Tun 2010 Nijar ta cire ɗauri daga laifuffukan aikin jarida, kuma a 2011 shugaba Mahamadou Issoufou ya zama shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain, wadda ke kira da a daina ɗaure mutane saboda ɓata suna. Dokar 2019 ta buɗe wata ƙofa ta gefe, ta yadda kalmomin da ba za su kai mutum gidan kaso ba idan a takardar jarida suka fito, suna iya kai shi idan a Facebook ya rubuta su. A watan Maris na 2020 an kama ɗan jarida Mamane Kaka Touda saboda abin da ya wallafa game da wani da ake zaton ya kamu da korona a asibitin Yamai, aka yanke masa ɗaurin wata uku na jeka-ka-gyara-halinka. A watan Yuni na wannan shekarar aka tsare ƴar jarida Samira Sabou bisa ƙarar ɓata suna bayan rubutun da ta yi a kan binciken kuɗin sayen makamai, ta yi kusan mako bakwai a tsare kafin kotu ta sallame ta a ƙarshen Yuli. Waɗannan sanannun mutane ne da ƙungiyoyi suka tsaya musu. Damuwata ta fi karkata ga wanda ba a san sunansa ba, domin kalmar "dagula zaman lafiyar jama'a" tana da faɗin da za ta iya haɗiye kusan kowace magana. A yankin da ke fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, kamar ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da ke bakin iyaka, saƙon murya shi ne gangar da ake sanar da maƙwabta cewa an ga baƙin babura a daji. Irin wannan saƙo yana iya ceton rai, yana kuma iya tayar da gari a tsaye a kan ƙarya, kuma manomin da ya karɓe shi tsakar dare ba shi da hanyar tantancewa kafin ya tura. Dokar da ba ta bambance mai kuskure da kyakkyawar niyya daga mai ƙirƙirar ƙarya da gangan ba, ƙarshenta ta koya wa mutane yin shiru a lokacin da ake buƙatar su yi magana.

Akwai kuma dalili na fasaha da ya sa mai turawa ya fi kowa shiga hannu. Tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni ta yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ne suke iya buɗe su, kamfanin kansa yana cewa ba ya jin abin da ke ciki. Ma'anar wannan ita ce, idan magana ta kai gaban ƴan sanda, ba daga kamfani ta fito ba, daga wayar wani ɗan zaure ta fito, wanda ya nuna ta ko ya ɗauki hoton fuskar wayarsa. Abin da ke bayyana a nan kuwa lambar wanda ya turo masa ce. Alamar "an turo" da kamfanin ya ƙara a 2018 tana nuna cewa saƙon ba na mai aikawar ba ne, amma ba ta faɗin inda ya samo asali. A 2019 an taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya riga ya yi yawo da yawa aka mayar da shi wuri ɗaya, duk don a rage gudun ji-ta-ji-ta, sai dai zaure ɗaya yana iya ɗaukar mutum 1,024, saboda haka turawa ɗaya ta isa ta cika unguwa. Gwamnatin Indiya ta yi ƙoƙari a 2021 ta tilasta wa kamfanonin saƙo su riƙa bayyana wanda ya fara aika magana, WhatsApp ya kai ta kotu yana cewa hakan zai rusa sirrin kowa da kowa. Ina ganin hujjar kamfanin tana da ƙarfi, domin ba na son a wayi gari ana iya bin sawun duk abin da na gaya wa iyalina, amma sakamakon a ƙasa shi ne mai bincike yana kama hannun da ya gani, wanda sau da yawa shi ne na tara ko na goma.

Kamfanin da ya shimfiɗa hanyar kuwa yana can nesa da hannun kowa. A Amurka wata doka ta 1996 ta kare kamfanonin intanet daga ɗaukar alhakin mafi yawan abin da masu amfani da su suka wallafa. Tarayyar Turai ta kafa dokarta a 2022 da ta ɗora wa manyan dandali nauyin rage cutarwar da ke bi ta kansu, tana iya yin haka saboda girman kasuwarta. Nijeriya ma ta gwada ƙarfinta a watan Yulin 2024, lokacin da hukumar kare masu saye ta ci kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook, tarar dalar Amurka miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan ƴan ƙasar. Ɗan Maraɗi ba shi da ofishin da zai je ya buga ƙofa ya ce a sauke abin da ke cutar da shi. Yarjejeniyar da ta haɗa shi da kamfanin ma bai san da ita ba, domin wanda ya buɗe wa kawu WhatsApp yaron da ke cajin waya ne a bakin kasuwa, shi ya danna alamar amincewa da sharuɗɗa ya miƙo wayar ya karɓi dala ashirin.

Wannan rumfar caji da gyaran waya ita ce ta hana ni goyon bayan masu cewa a soke dokar baki ɗaya. Na san wata yarinya a unguwarmu da ta kai wayarta gyara, ta ba da lambar buɗewa kamar yadda kowa yake yi, bayan kwanaki hotunan da ta ɗauka a ɗakinta ba ɗankwali suka fara yawo a wayoyin samari. Babu tsiraici a ciki, amma a garin da ake bincike gida-gida kafin a ɗaura aure, hakan ya isa, kuma maganar aurenta ta lalace. Mahaifiyarta ta ƙi a kai ƙara, ta ce zuwa wurin hukuma ƙara tona asiri ne. Ga irin wannan yarinya, rabin sashe na 31 da ya ambaci mutuncin ɗan Adam kariya ce ta gaske, kuma tana da wata kariyar a dokar kare bayanan sirri. Nijar ta kafa irin wannan doka tun watan Mayun 2017, ta sabunta ta a ƙarshen 2022, aka kuma ɗora wa hukumar kare bayanan sirri, wato HAPDP, kula da ita, kuma ƙasar tana cikin waɗanda suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka a kan tsaron intanet da kare bayanan sirri, wadda aka rattaba a 2014 ta fara aiki a 2023. Tushen waɗannan dokoki shi ne hoton mutum da muryarsa da lambarsa nasa ne, ba a kwashe su ko a ba wani sai da yardarsa ko da wani dalili da doka ta sani. Abin takaici shi ne sashen da ya kamata ya tsaya wa wannan yarinya an cusa shi jimla ɗaya da sashen da ke tsorata mai sukar hukuma, alhali cuta biyu ne daban da suke buƙatar magani daban.

Wani tarko da ke kusa da wannan shi ne layin waya da aka yi wa rajista da sunan wani. Mutane da yawa, musamman mata da mutanen ƙauye da ba su da katin ɗan ƙasa, suna amfani da layin da miji ko ɗa ko ma mai sayar da layin ya yi wa rajista da katinsa. Ranar da aka aikata laifi da wannan lamba, sunan da ke cikin rajistar kamfani shi za a fara nema. Iyaka ma ba ta tsayar da saƙo, amma tana tsayar da sammaci. Nijeriya tana da tata dokar ta 2015, wadda kotun CEDEAO ta ce a 2020 sashenta na 24 ya saɓa wa ƴancin faɗin albarkacin baki, aka kuma gyara shi a 2024. Wanda ya yaɗa maganar kawu a Kano yana ƙarƙashin waccan doka, kuma da wuya a ga ɗan kasuwar da zai bi ƙara har can a kan saƙon murya, saboda haka nauyin yakan faɗo kan wanda ke kusa.

Rigimar kawu ba ta kai kotu ba, dattawan layi suka shiga tsakani aka je wurin mai unguwa, wanda dokar ƙasa ta ba shi, kamar sauran sarakunan gargajiya, ikon sasanta mutane a irin waɗannan rigingimu. Ina wurin ranar. Mai unguwa ya sa aka kunna saƙon, kawu ya sunkuyar da kai yana jin muryarsa, sa'an nan ya ce: "Ranka ya daɗe, ni da ƴan'uwana na yi magana, ban aiki kowa Kano ba." Mai unguwa ya ce: "Alhaji, da ƴan'uwanka ka yi magana, amma a cikin abin da ba ya mantuwa ka zuba ta." Ya juya ga yaron shagon, wanda yake durƙushe a bakin ƙofa yana rawar jiki, ya ce: "Kai kuma ɗana, da a gabanka Alhaji ya faɗi wannan magana, za ka iya tashi ka je ka maimaita ta da bakinka?" Yaron ya ce: "Wallahi Baba ba zan iya ba." Aka yanke cewa wanda ake bi bashin zai biya kashi uku, a rubuta a takarda a gaban shaidu, kawu kuma ya naɗi sabon saƙo ya janye kalmar cin amana ya nemi afuwa, a saka a zauren da aka saka na farko.

Na ga hikimar wannan hukunci, na kuma ga iyakarsa. Sulhun gargajiya an gina shi a kan cewa waɗanda suka ji ɓatanci su ne za su ji gyara, domin duk gari ɗaya suke. Saƙon afuwar kawu ƴan zaure sun saurara sun ce madalla, amma ba wanda ya ga dalilin tura shi Katsina ko Kano, tun da ban haƙuri ba ya da daɗin ji irin na tonon silili. Kotu ma da an je ba ta da maganin wannan, tana iya ɗaure mutum ko ta ci shi tara, amma ba ta iya shiga wayoyi dubu ta goge minti biyu.

Abin da nake ganin yana hannunmu shi ne harshen da doka take magana da shi. Ƙa'ida ce ta shari'a cewa rashin sanin doka ba ya zama uzuri, amma wannan ƙa'ida tana ɗora wa hukuma nauyin sanar da mutane ta hanyar da za su ji. Dokar 2019 da gyare-gyarenta da Faransanci aka rubuta su, cikin jaridar gwamnati da ko masu boko ƙalilan ne suke gani, alhali waɗanda ta fi shafa su ne waɗanda suka rungumi saƙon murya saboda ba su iya rubutu ba. Kundin tafiyar da ƙasa da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma ban ga wurin da ya fi cancanta a fara gwada wannan matsayi ba kamar sassa na 29 da 30 da 31. A fassara su da Hausar da ake ji a kasuwa, a karanta su a gidajen rediyon Maraɗi, a naɗe su da murya a tura cikin zaurukan da ake aikata laifin, a kuma zaunar da masu gyaran waya da masu caji, waɗanda asirin gari yake bi ta hannunsu kullum, a gaya musu abin da doka ta haramta musu. Haka kuma ya kamata masu rubuta doka su raba sashe na 31 gida biyu, su fayyace abin da ake nufi da dagula zaman lafiya, su kuma sa niyyar mai turawa cikin abin da alƙali zai auna.

Wata matsala tana tafe da za ta ƙara dagula lissafin. Duk shari'ar kawu ta tsaya a kan abu ɗaya da ba wanda ya yi musu a kansa, wato muryar tasa ce, kowa ya san ta. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira yanzu suna iya ɗaukar ɗan guntun maganar mutum su kwaikwayi muryarsa su sa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba, kuma mutumin da ke aika saƙo talatin a rana ya riga ya baza samfurin muryarsa a ko'ina. A garin da ake sakin kaya da kuɗi a kan jin muryar Alhaji a waya, wannan ƙofa ce ga ɗan damfara, ƙofa ce kuma ga mai laifin da zai tsaya gaban alƙali ya ce ba shi ba ne, na'ura ce. Tantance irin wannan yana buƙatar ƙwararru da kayan aiki, ba kunnen mai unguwa ko na shaidu ba.

Kawu ya karɓi kuɗinsa kashi uku kamar yadda aka yanke, kuma shi da mutumin suna gaisawa a masallaci. Bayan kusan shekara guda, ɗan wannan mutum ya je neman aure a Katsina, dangin yarinyar suka shiga bincike, sai wani daga cikinsu ya fito da saƙon nan na farko daga wayarsa ya kunna. Mutumin da kansa ya zo rumfar kawu ya roƙe shi, kawu ya rufe shago ya shiga mota ya tafi Katsina, ya zauna a zauren mutanen da bai taɓa gani ba, ya yi musu bayani da bakinsa cewa an biya bashin tuni kuma maganar fushi ce.